Taura biyu: yadda na zaɓi jarrabawar lasisi a hanyar zama likitan soja a Amurka

Ranar da na gaya wa Baba zan shiga soja, bai tanka mini ba sai bayan sallar isha'i. Muna zaune a falon gidanmu na haya da ke unguwar Bironks a birnin Niyok, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana jujjuya takardun da na ajiye a gabansa. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kama sunana ba, ko a Kano inda aka haife ni, ko a nan inda ya kawo mu ina da shekara 11. Da ya ɗago sai ya ce, "Kai, tsakanin bashi da kaki, wanne ya fi nauyi?"

Na ce, "Baba, bashin da kuɗin ruwa yake tafe."

A shekarar 2020 ke nan. Makarantar likitanci ta ɗauke ni, amma kuɗinta ya haura dala 50,000 a shekara, ban da haya, ban da abinci. Mutumin da ya shafe kusan shekara 20 yana tuƙa tasi dare da rana ba shi da inda zai samo wannan. Ko dai in ci bashin karatu kamar yawancin 'yan ajinmu, in fito da kayan da zan yi shekara da shekaru ina saukewa da riba a kansu, ko kuma in karɓi tallafin da rundunar sojan Amurka ke bai wa ɗaliban likitanci, wanda ake kira HPSP. Tun 1972 aka kafa shi. Suna biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya, su ba ka alawus duk wata, su rantsar da kai a matsayin ƙaramin laftanar tun kana ɗalibi, kuma kowace shekara kana da kwana 45 na aiki cikin kaki. Idan ka gama karatu da horon ƙwarewa, duk shekarar da suka biya maka sai ka rama musu da shekara guda ta aiki. Sharaɗin farko shi ne ka zama ɗan ƙasa, ni kuwa na samu wannan ta hannun Baba, domin ya karɓi takardarsa tun ban cika 18 ba.

Bai amince a daren ba. Ya tambaye ni abin da zan yi idan aka tura ni ƙasar musulmi ana yaƙi. Na ce masa aikin likita shi ne ya ɗinke wanda aka kawo masa, nasu ne ko na abokan gaba. Wannan tambayar har yau takan tashe ni da dare, ba zan ɓoye ba. Bayan mako guda ya kira ni ya ce in sa hannu, amma in tuna kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na zaɓi sojan ƙasa.

Sai in yi bayanin irin makarantar da na shiga, domin daga nan ne duk rigimar jarrabawa ta taso. A Amurka likitoci iri biyu ne ke da cikakken lasisin duba mara lafiya, rubuta magani da yin tiyata: masu digirin MD da masu digirin DO. Na biyun su ne likitocin ostiyofati, kuma makarantarsu na shiga. Wani likita mai suna Andrew Taylor Still ne ya assasa wannan hanya a 1874, ya buɗe makarantarta ta farko a garin Kirksville na jihar Misuri a 1892. Yau abin da ake koya mana bai bambanta da na 'yan MD ba, sai dai an ƙara mana kimanin awa 200 na koyon aiki da hannu a kan tsoka da gaɓoɓi da ƙashin baya. Da wani kawuna ya ji haka a waya, sai ya tambayi Umma ko ɗori na je koyo. Ban ga laifinsa ba, domin a Ingila ma mai aikin ostiyofati ba likitan asibiti ba ne. Amma a nan, kusan ɗaya cikin kowane ɗaliban likitanci huɗu a makarantar DO yake.

Soja kuwa sun daɗe da sanin mu. A 1966 Sakataren Tsaro Robert McNamara ya ba da izinin a riƙa ɗaukar 'yan DO a matsayin likitocin soja daidai da 'yan MD. Shekara 30 bayan haka, Laftanar Janar Ronald Blanck, wanda DO ne, ya zama shugaban likitocin sojan ƙasa gaba ɗaya, daga 1996 zuwa 2000. Sean Conley da ya duba Shugaba Trump da Kevin O'Connor da ya duba Shugaba Biden, duk 'yan DO ne da suka fito daga soja. Waɗannan sunaye na riƙa nanata wa kaina duk lokacin da wani ya kalle ni kamar ta taga na shigo.

To, jarrabawar lasisi ma biyu ce. Tamu sunanta COMLEX, hawa uku gare ta, kuma babu ɗalibin DO da zai karɓi digiri sai ya haye na 1 da na 2. Duk jihohi 50 sun yarda da ita wajen ba da lasisi. Ta 'yan MD sunanta USMLE, ita ma mataki uku. Doka ba ta tilasta mana ita ba, amma an bar mana ƙofa a buɗe, wanda ya so ya biya ya zauna. Domin kada mu rikice, zan riƙa cewa "hawa" idan ina nufin tamu, "mataki" idan ina nufin tasu.

Me zai sa mai hankali ya ɗora wa kansa jarrabawar da ba a wajabta masa ba, ta yini guda cur, mai cin sama da dala 600 kowane zama? Horon ƙwarewa ne. Bayan digiri dole ka samu asibitin da zai horar da kai shekara uku ko biyar ko fiye, a fannin da ka zaɓa. Da can 'yan DO suna da nasu guraben daban, amma zuwa 2020 an kammala haɗe tsarin ya zama ɗaya, kowa na neman gurbi a kasuwa guda. Shugabannin horo da dama 'yan MD ne, idonsu ya saba da makin USMLE. Ka miƙa musu makin COMLEX, wanda ake cinsa da 400 kuma yake iya hawa har 999, sai wani ya rasa inda zai ajiye ka kusa da mai 240 ko 250 a tasu. Saboda haka ɗaliban DO masu yawa suke zama duka biyun.

Mu 'yan soja namu ya sha bamban, kuma a nan ne shawarwari suka riƙa karo da juna. Ba a jiran watan Maris da mu, lokacin da fararen hula ke jin inda aka tura su. Akwai kwamitin haɗin gwiwa na sojan ƙasa da na ruwa da na sama da ke zama kusan ƙarshen shekara, a raba mu asibitocin soja, sakamako ya fito a Disamba. Walter Reed a Meriland, Brooke a San Antoniyo ta Teksas, Madigan a jihar Washinton, Tripler a Hawayi, da sauransu. Yawan guraben kowane fanni ya danganta da abin da rundunar ke buƙata a wannan shekarar, ba abin da kai kake so ba. Wanda bai samu ba, wani lokaci a ba shi izini ya nemi gurbi a asibitin fararen hula, wani lokaci a ba shi horon shekara guda kawai, daga nan a tura shi ya zama likitan bataliya ko na matuƙa jirgi, sai bayan wasu shekaru ya sake nema.

A makarantarmu akwai mai ba ɗalibai shawara da ya tara mu ya ce duk wanda bai zauna USMLE ba ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa. Wani ɗan aji huɗu kuma, shi ma ɗan soja, ya ja ni gefe ya ce kada in ɓata kuɗina, soja ba ruwansu da wannan. Kowannensu ya yi magana da cikakken tabbaci. Ni kuwa tsoro ne ya yanke mini hukunci. Na biya kuɗin duka biyun, na sa mataki na 1 a tsakiyar Yunin 2022, hawa na 1 kuma mako guda bayansa.

Ajinmu ne ya faɗa kan gaɓar sauyi. Daga 26 ga Janairun 2022 aka daina ba da maki a mataki na 1, sai dai a ce ka ci ko ka faɗi. Daga 10 ga Mayu hawa na 1 ma ya bi sahu. Waɗanda suka riga mu duk da maki suka yi nasu, don haka shawararsu ta wani zamani ce da ya wuce, amma ba wanda ya tsaya ya lura.

A cikin watan Mayun nan ne Umma ta kira ni da asuba. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Baba ya dawo daga aikin dare, ya zauna zai cire takalmi, sai ya zame gefe guda. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu. Na yi tuƙin awa shida ban tsaya ko shan ruwa ba. Da na shiga ɗakin da aka kwantar da shi, na ga bakinsa ya karkace, hannun da ya riƙe sitiyari shekara 20 yana kwance kamar ba nasa ba. Duk abin da na haddace game da jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ya zo mini a kai lokaci guda, har na san wace jijiya ce ta toshe tun kafin likitan ya nuna mini hoton. Sanin bai rage mini komai ba.

Mako uku na yi ina kwana a kujerar asibiti da kwamfuta a cinya. Ni ne tafinta tsakanin Umma da likitoci, ni ne mai cike takardun inshora, ni ne mai kai ƙannena makaranta. Da dare in buɗe tambayoyin gwaji, in karanta layi ɗaya sau huɗu. Da na zauna jarrabawar gwaji ta mataki na 1, sakamakon ya nuna ina bakin gaɓa, ko in haye da ƙyar ko in faɗa.

A nan ne na tuna da wata babbar yaya, manjo ce a sojan ƙasa, ita ma DO, wadda na haɗu da ita a horonmu na farko. Na kira ta daga barandar asibiti. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni abin da cin mataki na 1 zai ƙara mini. Na ce kalma ɗaya ce, "ya ci". Ta ce to hawa na 1 ma kalmar da zai ba ka ke nan, kuma shi ne wajibi. Sai ta tambaye ni abin da faɗuwa za ta jawo. Na yi shiru, domin na sani. Faɗuwa a USMLE ba ta gogewa, tana nan a takardarka, duk wanda ya buɗe zai gani. Ga wanda soja ke biya wa karatu kuma, faɗuwa a hawa na 1 ta fi muni, domin sai ka yi bayani ga makaranta da rundunar duka, kuma karatunka na iya tsayawa. Ta ce, "Ƙanina, ka riƙe wadda ba makawa, ka sake ɗayar."

Na janye daga mataki na 1. Wani ɓangare na kuɗin ya tafi ke nan, kuma kuɗi ne da muke matuƙar buƙata a gida a lokacin. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne kunya. 'Yan ajinmu suna ta aiko saƙon sun gama duka biyun, ni ina jin kamar na gudu daga filin daga. Da na gaya wa Baba, harshensa bai gama sakewa ba, amma na ji abin da ya ce sarai: taura biyu ba ta taunuwa. Na zauna hawa na 1 a ƙarshen Yuni, Allah ya ba ni sa'a.

Shekara ta uku a asibiti muka yi ta, muna zagaya fannoni. Tun makon farko a ɗakin tiyata na san nan ne wurina. Tiyata kuwa fanni ne da ake rububinsa, guraben soja ba su da yawa, sai tambayar ta dawo sabuwa: in zauna mataki na 2 ko in bari? Tunda an cire maki daga na farko, nauyin duka ya koma kan na biyu, domin shi kaɗai ya rage da lambar da za a auna mutum da ita. Kuma ƙa'ida ba ta hana a zauna mataki na 2 ba tare da na 1 ba.

A wannan karon ban nemi ra'ayin 'yan aji ba. Na yi abin da yayar nan ta ce tun farko in yi, wanda na ji nauyinsa shekara guda: na rubuta wasiƙa kai tsaye ga shugabannin horon tiyata na asibitocin sojan da nake sha'awa. Layi biyar kawai. Na faɗi ko ni wane ne, na ce ni DO ne, na tambaya ko makin hawa na 2 ya ishe su. Ina tsammanin kanar ba zai kula ƙaramin laftanar ba. Yawancinsu sun amsa cikin mako. Ɗaya ya ce ya daɗe yana horar da 'yan DO, ya iya karanta makinmu, kada in damu. Wani ya ce ba sharaɗi ba ne, amma yana sauƙaƙa masa kwatanta masu nema. Wani kuma ya tuna mini abin da ban saka a lissafi ba: idan kwamiti bai ba ni gurbin soja ba aka ce in nemi na fararen hula, a can wasu asibitocin da makin USMLE suke tace takardu tun kafin idon mutum ya kai kansu. Wannan ta ƙarshen ce ta sa na yanke shawara. Ba tsoro ba ne wannan karon, lissafi ne. Makin gwajina ya haura 214 da ake ci da shi a lokacin da nisa, Baba ya fara takawa da sanda, kuma ina da mako shida da babu abin da zai raba mini hankali.

Na zauna mataki na 2 a Yulin 2023. Awa tara, kashi takwas, tambayoyi sama da 300. Bayan kwana shida na zauna hawa na 2. Kwanakin tsakani na ba su ne ga ɓangaren aikin hannu, wanda babu shi a tasu. Ilimin da ake tambaya kusan ɗaya ne, ciwon zuciya bai san ko kai MD ne ko DO ba. Salon ne ya bambanta. Tambayoyin tasu dogaye ne, a jere maka bayani kamar labari. Namu sun fi gajarta, wani lokaci har ka ji kamar an ɓoye maka rabin zancen. Ra'ayina har gobe shi ne ba daidai ba ne ɗalibi ya biya sau biyu, ya sha wahala sau biyu, don ya tabbatar da ilimi ɗaya, kawai saboda wasu masu karanta takardu ba su koyi ma'auni na biyu ba. Mai hali ba zai ji ba, amma ɗan direban tasi yana ji.

Kuma ba kowa ne ya kamata ya bi sawuna ba. Abokina na sojan ruwa, wanda likitancin iyali yake so, bai taɓa zama USMLE ko sau ɗaya ba, kuma ya samu asibitin da ya sa a farko. Da fanninsa nake nema da ban zauna ba ni ma. Akwai kuma wani ɗan ajinmu, yaro mai ƙoƙari, da ya shiga mataki na 1 bai shirya ba don kada a ce an bar shi a baya. Ya faɗi da ɗan kaɗan. Duk hirar neman gurbi da ya shiga sai da aka tambaye shi dalili, a kan jarrabawar da tun asali ba wanda ya ce dole ya yi. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna, domin da an zaunar da shi an yi masa tambayoyi biyun da aka yi mini a barandar asibiti, da bai shiga ba.

Daga Agusta na yi amfani da kwanakina na kaki na je asibitocin soja biyu, wata guda a kowanne. Wannan shi ne gwajin da ba a rubutawa a takarda. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba kana ɗakin marasa lafiya, ka san zafin jikin kowa, ka san abin da ya fita daga kowace robar da aka saka masa, kafin manya su iso. Ka tsaya awa biyar a ɗakin tiyata kana riƙe da ƙarfen buɗe ciki, ba ka motsa ba. Ana kallon yadda kake magana da nas, da yadda kake amsawa idan ba ka san abu ba. Sallar azahar a ɗakin canza kaya nake yin ta, wani sajan ne ya lura ya nuna mini wani ɗaki da ba kowa, bai ce komai ba, ya dai buɗe ƙofar ya wuce. A hirar da aka yi da ni a asibiti na biyu, maganar maki ba ta ci minti biyu ba. Shugaban ya duba lambobin biyu, ya gyaɗa kai, ya ajiye takardar, sauran lokacin duka a kan wani tsohon soja ne da na kwana a kansa ranar da hanjinsa ya toshe.

Duk lokacin da na samu hutu ina komawa Bironks. Kafaɗar Baba ta hagu ta daskare, tana hana shi barci. Abin da na riƙa ɗauka ƙarin kaya ne a makaranta, wato awannin nan 200, shi ne ya yi mini rana. Akwai sassansa da har yanzu ban gamsu da hujjarsu ba, musamman abin da ake faɗa game da motsa ƙasusuwan kai. Amma sassauta tsokar da ta ɗaure da lallaɓa gaɓar da ta ƙi motsi, wannan na ga amfaninsa da idona, tare da atisayen da masu gashin ƙashi suka ba shi. Tun ina yaro ban taɓa riƙe jikin mahaifina haka ba. Da farko yakan kau da kai don kunya. Daga baya shi da kansa yake cewa Umma ta gaya wa yaron nan ya zo ya duba kafaɗar.

Ranar da sakamako ya fito a Disambar 2023 ina gida. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa kafin in duba. Tiyata ce, a asibitin da na sa na biyu, wanda na kwana a kan tsohon sojan nan. Na yi sujada a nan ƙasan ɗakin, sannan na fito. Umma ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Baba yana kujerarsa, sandarsa a jingine. Na durƙusa na gaya masa za a ƙara mini girma zuwa kyaftin ranar da na karɓi digiri a Mayu, daga nan in tafi, shekara biyar zuwa shida na horo, sannan shekarun da zan rama.

Ya ƙirga su da yatsun hannunsa na dama, a hankali, har ya gama. Ya tambayi awa nawa ne a jirgi daga Niyok, na faɗa masa. Ya tambaya ko akwai masallacin Juma'a a garin, na ce akwai, na yi salla a cikinsa sau huɗu. Sai ya juya mini kafaɗarsa ta hagu ya ce, "To, Likita, zo ka koya wa ƙanenka yadda ake yi kafin ka tafi."